Labarin Sawakin, Ƙofar Alhazan Kano a Bakin Bahar Maliya

Birnin Kano ba shi da teku. Ruwan da mutumin cikin ganuwa ya sani shi ne Jakara da kududdufai da rijiyar gidansu, in ya fita bayan gari kuwa ya ga Calawa. Duk da haka akwai wani ɗan gari a bakin teku, nisansa daga Ƙofar Mata wajen mil 2,000 ne, wanda a zamanin kakanninmu babu unguwar da ba a san sunansa ba, gama ta nan mai niyyar aikin hajji ya kan bar ƙasar baƙar fata ya hau ruwa zuwa Jidda. Sunan garin Sawakin, yana cikin ƙasar Sudan. Ma'aikatan En'e na dā sun sha rubuta sunan nan cikin takardun matafiya, alƙalai kuma sun sha jinsa cikin shari'ar gado da ta matar da mijinta ya yi Gabas bai komo ba. Saboda haka ya cancanci a ba shi wuri cikin wannan ɗan littafi na tunawa da su. Banda wannan kuma, cikin abin da ya sami garin akwai izina ga duk wanda aka danƙa wa amanar tsohon birni.

Yadda Garin Ya Ke

Sawakin tana yammacin Bahar Maliya, wajen mil 35 kudu da Bur Sudan, wadda Turawa ke kira Port Sudan. Tsakaninta da Jidda kuwa wajen mil 200 ne a kan ruwa. Daga teku wani siririn mashigi ya ratso cikin tudu kamar mil 2, a ƙarshensa ya buɗe ya zama tafki, a tsakiyar tafkin kuma ga wani ɗan tsibiri kewayayye, wanda mutum zai zaga shi da ƙafa sa'a guda ba ta cika ba. A kan tsibirin nan aka gina tsohon garin. Mashigin ya kan tsare jirage daga igiyar ruwa, ruwan da ya kewaye tsibirin kuma ya zama masa ganuwa. A gefen tudu akwai wata unguwa da a ke kira Gaif, inda kasuwa da zangon raƙuma su ke, da bukkokin Beja, watau makiyayan da su ne ainihin masu ƙasar.

Mutanen wurin suna da tatsuniya a kan sunan garin. Sun ce nan ne Annabi Sulaimanu ya kan tsare aljannun da suka ƙi bin umurninsa. Masu bincike kuwa sun lura da cewa da harshen Beja sunan garin yana nufin kasuwa, kuma wannan ya fi dacewa da abin da garin ya rayu da shi.

Ba da tubali aka yi gine-ginen Sawakin ba, da dutsen murjani aka yi su. Shi kuwa farin dutse ne mai ƙananan ramuka, wanda waɗansu 'yan halittu ke tarawa a ƙarƙashin teku. A kan fasa shi a sassaƙa, a jera, a gitta itace tsakanin sahu da sahu, sa'an nan a yaɓe da farar ƙasa. Attajirai sun yi benaye hawa biyu da hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa waɗanda suka tuɗo waje, mace na iya zama ciki ta sha iska ta ga titi ba a gan ta ba. Irin ginin Jidda ke nan sak. Amma dutsen nan yana da sharaɗi guda: muddin yaɓe na jikinsa zai shekara ɗaruruwa, ran da yaɓen ya ɓare kuwa, gishirin iskar teku da ruwan sama su kan shiga ramukan su cinye shi. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Tarihinta na Dā

Marubutan Larabawa sun ambaci Sawakin tun ƙarni na 10, watau kafin Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan na ƙasar Maroko wanda daga baya ya zo har Takadda, ya biya ta tsibirin wajen shekarar 1330. Ya tarad da sarautar garin a hannun wani sharifi daga gidan sarautar Makka, ya kuma ba da labarin cewa babu ruwan sha a tsibirin, babu shuka, sai a kawo ruwa cikin kwalekwale. A lokacin akwai wata tasha a arewa da ta fi ta ciniki, sunanta Aizab. Masu tarihi sun ce wajen shekarar 1426 Sarkin Masar Barsbay ya sa aka rushe Aizab, fatake da alhazai suka juyo Sawakin. Faɗuwar wani tashin wani.

Cikin shekarar 1517 Sarkin Istambul Salim na Ɗaya ya ci Masar, Sawakin ta shiga hannun Turkawa. A 1555 suka yanka lardin da suka kira Habash, suka sa gwamnansa a tsibirin. Kafin haka, cikin 1541, jiragen yaƙin Fotugal sun shigo mashigin, wani hafsansu mai suna Joao de Kastiro ya rubuta labarin garin, ya lissafta shi cikin garuruwa mafi arziki na Gabas. Dalilin arzikin kuwa ayari ne. Daga Sinnar da Shandi da Barbar da Kasala madugai su kan kawo ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fata da filasko da zinariya da bayi, su koma da tufafin Hindu da turare da kayan yaji. Duk wanda ya san abin da Kasuwar Kurmi ta ke ga ayarin Gadamas da Tarabulus ya san abin da Sawakin ta ke ga ƙasar Nilu.

Amma da Turawa suka mallaki hanyar Hindu ta gindin Afirka, sai cinikin Bahar Maliya ya ragu, garin ya yi sanyi. Wani matafiyi mutumin Suwizalan, Burkat, wanda ya yi shigar Larabawa ya kira kansa Shehu Ibrahim, ya zo Sawakin cikin 1814 ya tarad da gidaje da yawa kango. Ya ƙiyasta mutanen garin 8,000, wajen 3,000 a tsibiri, saura a Gaif. A gwada da Kano, wadda Bat, watau Abdulkarim, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000 cikin 1851. Burkat ya kuma ba da labarin matafiya baƙaƙe masu zuwa hajji a ƙasa daga yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takarir. Daga wannan kalma muka sami tamu ta Takari.

Garin ya sake farfaɗowa sa'ad da Sarkin Masar Isma'il ya karɓe shi daga Istambul cikin 1865, aka kuma buɗe mashigin Suwes cikin 1869. Jiragen tururi suka fara tsayawa, aka yi sababbin benaye da gidan kwastan, 'yan kasuwa suka zo daga Jidda da Hindu da Girka. A zamanin da Godon ke mulkin Sudan aka yi gadar ƙasa wadda ta haɗa tsibirin da tudu. Sa'an nan yaƙin Mahadi ya taso. Wani ɗan kasuwar Sawakin, Usman Digna, ya yi wa Mahadi mubaya'a, ya tara Beja, daga 1883 ya tsare hanyoyin garin. Aka gwabza da sojan Ingila a Tib da Tamai cikin 1884. Kicina ya riƙe garin daga 1886 zuwa 1888, ya ƙarfafa ganuwar gefen tudu, ƙofar da ya gina kuwa da sunansa a ke kiranta. Usman Digna bai sami shiga garin ba. An kama shi cikin 1900, ya rasu a Wadi Halfa cikin 1926.

Hanyar Alhazai

A nan ne labarin Sawakin ya haɗu da namu sosai. Turawa sun ci Kano ran 3 ga watan Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato cikin watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi Gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, har da mutanen ƙasar Kano, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin Nilu, kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yanzu a ke kira Mai Wurno. Hanyar Gabas dai tsohuwa ce, amma daga wannan lokaci ta cika da mutane fiye da dā.

Ga yadda ta ke. Mutum ya sallami iyalinsa ko ya kwashe su, ya nufi Barno. Daga Maiduguri ya bi Dikwa ya ƙetare zuwa Fallomi, wadda yanzu a ke kira Njamena, sa'an nan Abashe a ƙasar Wadai, sa'an nan Janaina da Fashir a Darfur, har Al'ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso cikin 1912. Mai guzuri ya hau jirgi. Marar guzuri kuwa ya tsaya ya yi ƙodago, ko ɗinki, ko wanzanci, ko almajiranci, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, dubban mutanenmu suka tsaya aikin tsinkar auduga. Tafiyar da aka yi nufin ta shekara guda ta kan zama ta shekara bakwai ko goma, waɗansu kuwa a can suka tsufa, jikokinsu na nan a Madani da Gadarif da Kasala suna jin Hausa.

Wanda Allah ya kai shi Sawakin sai a tsare shi a wurin duba lafiyar alhazai, a yi masa lamba, a duba takardarsa, ya biya kuɗin jirgi. Talakawa da yawa ba su iya biya. Su kan ratse su bi ta Musawwa, ko su shiga ƙananan jiragen iska da dare daga wani lungu na gaɓar teku. Waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu kuma, musamman yara da mata, aka sayar da su a can ƙetare, gama sai cikin 1962 aka hana bauta a ƙasar Makka. Saboda irin wannan, da kuma tsoron da Turawa ke yi wa aƙidar Mahadi, aka aiki wani jami'in mulki, Mista Letam, cikin 1925 ya bi hanyar ya rubuta rahoto. Sannu a hankali aka tsara ba da fasfo da yin lamba tun daga gida, aikin kuwa ya bi ta hannun malaman En'e. Wata 'yar takarda mai hatimi, wadda malami ya cika da rana tsaka yana jin barci, ita ce ta kan raba ɗan Kano da wahala a bakin Bahar Maliya. Wanda ya rubuta suna daidai, da sunan uba da unguwa, ya yi wa wani gata bai sani ba.

Hanyar kuma ta kawo mana abu. Cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamanta daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Koyon Larabci cikin 1947, alƙalai da malaman kotu na lardunan Arewa da yawa daga nan suka fito.

Yadda Garin Ya Mutu

Ba yaƙi ne ya kashe Sawakin ba. Ta tsira daga Fotugal, ta tsira daga Usman Digna. Abin da ya faru shi ne jiragen ruwa sun yi girma, mashiginta kuwa siriri ne, ga murjani na ƙara toshe shi. Da Turawa za su kawo hanyar jirgin ƙasa daga Atbara zuwa teku, sai suka zaɓi wani mashigi mai zurfi a arewa, inda kabarin wani shehi Bargut ya ke, suka fara gini cikin 1905. Cikin 1909 Sarkin Masar Abbas Hilmi ya buɗe sabuwar tashar, watau Bur Sudan. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, kamfanoni suka bi, kafin a wuce 1922 tsibirin ya zama kusan kufai. Abin da ya rage wa garin shi ne alhazai.

Su ma ba su daɗe ba. Cikin 1948 waɗansu attajiran Kano, Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Muhammadu Nagoda, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da mota, tafiya ta gajarta. Ba a jima ba jirgin sama ya karɓe aikin, mutum ya tashi daga Kano ya sauka Jidda ran nan, bai ga Darfur ba, bai ga Sawakin ba.

Da masu gidaje suka tashi sai yaɓe ya tsaya. Maigida ya mutu a Bur Sudan ko a Jidda, gida ya zama na magada goma, bayan su ya zama na hamsin, kowa na da rabo, babu mai gyara. Tsaga ta fito, ruwa ya shiga, itacen da ke riƙe da bango ya ruɓe, bene ya zauna. Wani malamin zane, Girinlo, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito cikin 1976. Yawancin abin da ya zana yau tarin farin dutse ne, ba don takardunsa ba da ba a san kamanninsu ba.

Mutanenta da Baƙinta

Garin gefen tudu ya sake samun rai cikin 1991, sa'ad da aka buɗe sabuwar tashar jiragen fasinja aka sa mata sunan Usman Digna. Ta nan alhazan Sudan da masu neman aiki su kan ƙetare zuwa Jidda, ta nan kuma a kan yi lodin tumaki da raƙuma. Ƙidayar 2008 ta sami mutum fiye da 40,000 a Sawakin, watau ninki biyar na abin da Burkat ya ƙiyasta. Amma a tudu su ke zaune. Tsibirin da ya yi wa garin suna an bar wa masu gadi da kyanwoyi.

Cikin 1994 Sudan ta sa Sawakin a jerin wuraren da ta ke nema wa shiga kundin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO. Turkawa, da ya ke kakanninsu sun mulki wurin, suka gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da gidan kwastan, cikin Disamba 2017 kuma shugabansu Erdogan ya ziyarci tsibirin aka yi alkawarin ƙarin gyara. Baƙi su kan zo daga Bur Sudan, galibinsu Turawa masu ninƙaya don kallon murjani da kifayen Bahar Maliya, su zaga kangayen, su ɗauki hoton ƙofar Kicina, su ci kifi a bakin ruwa, kafin magariba sun koma. Kuɗin kwanansu a Bur Sudan ya kan faɗi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, wannan ɗan abin ma ya yanke.

Abin Lura Gare Mu

Kano ma hanyarta ta taɓa mutuwa. Ayarin Tarabulus ya ƙare a farkon mulkin Turawa, kamar yadda na Barbar ya ƙare. Bambancin shi ne Allah ya sa sabuwar hanya ta zo mana har bakin ƙofa: jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya maye gurbin na fata da gashin jimina. Da an ratsa da dogo mil 35 daga birni, wa ya san abin da za a ce da Kurmi yau? Birninmu bai zama kufai ba, cika ma ya yi har ya tumbatsa.

Amma cutar da ta ci benayen Sawakin tana nan cikin ganuwa. Tubali da azara ɗan'uwan dutsen murjani ne, da yaɓe ya ke rayuwa. Ganuwar da Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa, da gayya a kan gyara ta a dā. Da gayyar ta tsaya, damina ta ci rabonta, masu haƙar ƙasa suka ci nasu, masu gini suka hau abin da ya rage. Cikin 2007 aka sa ta a irin jerin da aka sa Sawakin, sa'ad da mafi yawanta ya riga ya tafi. Duk wanda ya zauna kusa da alƙali kuma ya san gidan gado na cikin birni: soro mai daurin guga da zāne, magada sun yi yawa, wannan ya ce a sayar, wancan ya ce gidan ubansa ne, shari'a na ta ɗaguwa, indararo ya karye ba mai ɗorawa, shekara uku soro ya faɗi. Rabon gado da aka jinkirta ya rushe gidaje fiye da ambaliya.

Baƙo yana zuwa Kano don ya hau Dala, ya ga karofin Ƙofar Mata, ya shiga Gidan Makama da Kurmi, ya kalli hawan salla, wanda UNESCO ta sa cikin kundinta na al'adu cikin Disamba 2024. Abin da ke tsaye ya ke zuwa gani. Kango ana kallonsa sa'a guda a wuce, kamar yadda a ke yi wa Sawakin.

Ma'aikatan da wannan littafi ke tunawa da su, magina da malaman ƙasa da masu unguwa da malaman kotu, aikinsu ba mai amo ba ne. Wani ya auna fili, wani ya rubuta iyaka, wani ya tsaya aka yaɓe ƙofa kafin ruwa ya sauka, wani ya tsare rajista daga gara. An shafe tsarin En'e cikin 1976, amma aikin bai tafi da sunan ba, yana wuyan waɗanda suka gaji kujerunsu. Wanda ke da shari'ar gado a gabansa ya gama ta kafin damina. Wanda ke da tsohuwar rajista ya adana ta, ya sa a kwafe. Wanda aka kawo wa takardar fili a gindin ganuwa ya tuna da tsibirin nan kafin ya sa hannu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na gida da waɗanda suka kwanta a hanyar Gabas. Allah ya tsare birnin Kano, ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya. Haza wassalamu.